Na Je Damagaram da Kan Inji a Buhu

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci, "Malam Nuhu, ya Nijar?" In na zauna gun mai shayi, "Malam Nuhu, an samo ƙarfen kuwa?" Har wanda bai taɓa gaishe ni ba sai ya tsayar da babur ya tambaya, yana danne dariya, yana zaton ban gani ba. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, daga nan kuma don girman Allah a ƙyale ni.

Saboda baƙon da bai san zancen ba, bari in fara da motar. Ta wana ce, marigayi Yaya Sani. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Ya saye ta tsohuwa lokacin yana aiki a Kano, tun mai bai zama abin tsoro ba. Ranar da ya shigo da ita ƙauyenmu, nan tsakanin Ɗambatta da Kunci, dattawa suka zagaye ta suka ce, wannan wace irin mota ce da ko buhun gero ɗaya ba za ta ɗauka ba? Da ya rasu ba wanda ya so ta sai ni.

Ni ba bakanike ba ne, malamin firamare ne. Da littafin da na tarar a but ɗinta na koya, da kuma abin da nake kallo a waya. Shekara bakwai ina fama. Ni na wanke kafireto da hannuna, na canza fulogi, na sake mata wayoyin da rana ta cinye. Na ɗaga ta da robobi don ta daina goga ciki a hanyarmu, na sa mata babbar fanka mai aiki da batir. Da mai ya yi tsada, sai ya zama sau ɗaya a wata nake fita da ita, zuwa Ɗambatta in dawo. A irin wannan fitar ce, da bazarar da ta wuce, ta yi zafi a hanya. Tun daga ranar sai farin hayaƙi ta salansa, baƙin mai kuma ya koma kamar kunun gyaɗa. Na kwance fulogi shida, biyar da baƙinsu, ɗaya tas kamar an wanke shi, na san ruwa na shiga inda bai kamata ba. Na sauke kan injin, na ɗora masa rular ƙarfe ta makaranta, sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Ya lanƙwashe, ga kuma tsagewa siririya a tsakiya. Na zagaye 'yan kayan gyara na Kano kaf, babu. Wani dattijo a cikinsu ne ya ce in gwada Damagaram, can ne Turawan da suke keto hamada da motoci a da suke zubar da su.

Da ma ba zan tafi ba, don rai ma da ƙyar ake riƙe shi a shekarun nan. Abu biyu suka tura ni. Ƙanena Habu zai yi gini, kuma kun san garinmu, gona har jikin katanga take, ba inda za ka sa tubali ɗaya sai ka taka shukar wani. Filin da ya rage mana shi ne rumfar motar. Aka zauna aka yanke: da an gama shigo da gero magina za su fara. In ta tashi, wani abokina a Rijiyar Zaki, can Kano, zai ba ta wuri a gidansa, amma ya ce shi ba zai ajiye gawa ba. In ba ta tashi ba, 'yan gwangwan su zo su yanka ta su auna.

Na biyun kuwa Inna ce, mahaifiyarmu. Yaya Sani ɗan farinta ne, don haka bisa al'ada ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, ba ta taɓa yi masa sannu a gaban mutane ba, balle ta shiga motarsa. Yana raye ya roƙe ta ya fi a ƙirga, sai dai ta juya baya ta ci gaba da aikinta. Ranar da aka yanke maganar, tana tsince wake, kanta a sunkuye, ta ce, "Nuhu, in motar wanka ta tashi, ka kai ni Kunci a cikinta in gaida ƙanwata." Wallahi sai da na fita waje na share ido. Washegari na sayar da ragona, na naɗe kan injin a tsumma, na jefa a buhu.

A tashar Ɗambatta aka fara. Direban ya ɗaga buhun ya dire, ya ce, "Malam, wannan ai mutum guda ne." Na ce to zan rungume abina. Haka na yi, mu huɗu a kujerar mutum uku, ƙarfe a cinyata, kafin mu kai Kazaure ƙafafuna sun mutu. Direban nan duk inda ya ga 'yar gangara sai ya kashe mota don tattalin mai, kuma ba ta da kyan batir. Sau biyu muna fita turi. A na biyun na bar buhun a kujera, wata mata ta zauna a kai, ta yi tsalle tana salati, ta ce wane marar imani ne ya sa dutse a mota? Na ce ba dutse ba ne Hajiya, kan inji ne. Ta ce, "Kai da shi duk ɗaya." Ni ma ban ga ƙarya a maganarta ba.

Daga Daura na sake mota zuwa bakin iyaka. A nan na haɗu da Isuhu, mutumin Damagaram mai fataucin tabarmi, dogo, marar yawan magana. Shi ya ce in riƙe katin shaidata a hannu, kada in sa a aljihu. A shingen farko wani mai kaki ya zazzage buhun, ya ga ƙarfe mai ramuka shida a jere, fuskarsa ta canza. Ya kira na gaba da shi. Na yi bayani, na nuna hoton motar a waya. Babban ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Kana da wannan a ƙauye? Da me kake ba ta mai?" Na ce da haƙuri, ranka ya daɗe. Ya miƙo mini wayar, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Har yanzu ban san wace lafiyar yake nufi ba.

Da muka tsallaka sai na ga wani abu da ba mu da shi. A shinge kowa sai ya sauka, a jeru, a miƙa kati, a kira sunanka ɗaya bayan ɗaya. Ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Ni da na saba da gardamar gida na buɗe baki zan ce rana ta yi zafi, Isuhu ya taka mini ƙafa. Gonakinsu kuma sun ba ni haushi, don Allah ya sani hassada na yi. Fili ne har iyakar ganinka, gero tsilli-tsilli, gari da gari sai ka yi tafiya. Na ce a raina, a nan da mota ɗari za ka ajiye ba wanda zai ce ka matsa zai yi gini.

Mun yada zango a Matamai muna jiran motar Damagaram ta cika. Ba wanda ke gaggawa. Direba ya shimfiɗa tabarma ya ɗora ɗan buta a gawayi, aka dafa shayi baƙi ƙirin a kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙe, aka ce a'a, saura biyu. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi, kuma sai ka sha duka ukun in ba so kake a ce ka raina mutane ba. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ya kusa cire mini haƙori. Amma furarsu, gaskiya ɗaya ce, ta fi tamu nono.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Isuhu ya ce ba zan kwana a tasha ba, ya kai ni zauren gidansa. Aka kawo tuwon gero da kwaɗon zogale, muka ci da shi da maƙwabtansa biyu. Da suka ji abin da ya kawo ni ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi damuna, don na saba da dariyar. Ɗayansu ya ce abin da nake kira kan inji su kulas suke ce masa, mota kuma mato, kuma in akwai mai shi a garin nan to Baba Mahaman ne, tsohon bakanike a bayan gari.

Washegari na ɓata safiya wajen canjin kuɗi da neman hanya, ban isa garejin ba sai da rana ta take. Na tarar da ƙofa a rufe. Ashe su da rana ta raba kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. A Kano wa zai rufe shago da tsakar rana? Na zauna a gindin bango da buhuna, awa uku, ƙuda na bina.

Baba Mahaman ya zo a kan keke. Tsoho ne ƙanƙani, gemu fari, hannayensa baƙi da tsohon mai. Ya buɗe ƙofa, na shiga. A can ƙarƙashin wata bishiya ga 'yar'uwar motarmu sak, sai dai ita fara ce, ba taya, ba gilashi, kaji sun yi gida a kujerar direba. Na dafa ta kamar na ga dangi.

Ya ce, "Ɗan Najeriya, sauke kayanka mu gani."

Ya juya kan injin a kan benci, ya ga tsagewar. Ya ɗauko siririyar waya ya zura a ramin da ruwa ke bi, ya sakato wani abu busasshe, kore-kore. Ya tofa masa yawu ya murza da yatsu biyu. Ya ɗaga yatsun, abin ya yi yauƙi. Ya shinshina. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya yi wa maton nan miya?"

Tun kafin ya ƙara kalma na gane.

Ga abin da ya faru, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin ta yi zafin nan da sati biyu, lagireto ya fara ɗiga, kaɗan-kaɗan. A wajenmu duk direban tsohuwar bas ya san maganin wannan: ka zuba garin kuka cikin hannu ɗaya, ya yi yauƙi ya toshe ramin. Ana yi wa tarakta, ana yi wa injin ban-ruwa, na gani da idona ya yi aiki. Littafin bai ce a yi ba, amma ai littafin bai san tsadar sabon lagireto ba. Na shiga gida ina tambayar matata ko akwai kuka, Inna ta ji, ta ce, "Ta me?" Na ce ta motar Yaya. Sai ta ce wadda ke gidan ta tsufa. Da kanta ta zaɓo busasshen ganye mai kyau, ta daka, ta kawo mini a ƙoƙo har rumfar. Ita da ko inuwar motar ba ta taɓa tsayawa a ciki ba. Ta tsaya tana kallo har na gama zubawa.

Na gaya wa Baba Mahaman duk wannan. Ya ce, "Bas hanyoyin ruwanta manya ne, kome ka zuba zai wuce. Wannan nata kamar tsinken tsintsiya suke. Ka toshe ramin da ke ɗiga, ka toshe sauran duka." Ya goge yatsunsa. "To da ta yi zafi, mi ka yi?"

Na ce akwai rijiya a bakin hanya, na jawo guga biyu na ɗura mata.

"Tana da zafin?"

"Tana tafasa."

Ya cire tabarau ya riƙe kai. Ya ce ƙarfen da ya yi ja in ya sha ruwan sanyi ba a wuri ɗaya yake fashewa ba. Ya tambaye ni ko na duba gindin injin, wato bulok, wanda kan ke zama a kai. Na ce ban duba ba, na ga tsagewa a kai na ɗauka na gama gano ciwo. Na ce to ya haɗa mini da gindin farar motar. Ya ja ni ya nuna mini: ruwan sama na shekaru ya cika ramukan, tsatsa ta cinye su har ta huda. Kan kaɗai ya tsira, don tuntuni ya cire shi ya rataye a ɗaki.

Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba. Shekara bakwai ina cika baki cewa ba bakaniken da zai taɓa motar nan, duk mahauta ne, za su kashe ta. Wata huɗu ina zagin mai sayar da baƙin mai, ina cewa jabu ya ba ni. Ashe ni ne. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka, ƙato da ni, a ƙasar mutane. Tsohon bai ce in yi haƙuri ba. Ya ɗora shayi, muka sha ukun nan. Sannan ya sauko da kan injin, ya karɓi tsohon nawa da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya yanka mini gasket, shimfiɗar da ake sawa tsakanin kai da gindi, da hannunsa. Ya ce, "Je ka gwada. Allah na iya sa na yi kuskure. Amma in ta tashi, kafin ka yi murna, zaro sandar mai ka duba."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, da shingayen, da ƙarfe a cinya. Isuhu ya raka ni tasha ya ba ni tabarma ɗaya kyauta, na manta ta a motar Daura. Da na sauka a gida na tarar an gama yankan gero, tubalin Habu a jere a jikin rumfar yana shan rana.

Kwana uku na yi ina haɗawa. Na wanke lagireto da hanyoyin ruwa har sau biyar, koren abin nan yana fita. Na haska gindin injin da tocila rami-rami, ban ga komai ba, na ce ko Allah ya dube ni. Na ɗaure kusoshin bi da bi yadda littafi ya ce, daga tsakiya zuwa gefe. Ranar Laraba da hantsi na zuba sabon baƙin mai da ɗan fetur a galan, na ari batir, na yi bisimilla na murɗa makulli. A karo na uku ta kama. Kun ji ƙarar ai, har daga bakin kasuwa aka jiyo. Habu da kansa ya rugo yana kabbara.

Na bar ta ta yi ɗumi, na kashe, na zaro sandar mai. Fari-fari. Na goge na sake zurawa. Fari-fari. Tsagewar tana can ciki inda tocila ba ta kaiwa.

Na ɗago kai zan yi magana, sai ga Inna a bakin ƙofar gida. Ta sa atamfarta ta zuwa biki, ta yafa mayafi, da ɗan ƙullin daddawa a hannu na tsarabar ƙanwarta. Na san injin nan ba zai kai Kunci ba. Na san in na ja ta a haka, na ƙarasa ta har abada. Na rufe bonet, na buɗe mata ƙofa.

Da ƙyar ta shiga, don kujerar a ƙasa take. Ta ce, "Ikon Allah, a nan ƙasa yake zama?" Na ce a nan, Inna, amma shi ta wannan ɓangaren. Muka fita a hankali ta tsakanin gonaki, mutane na ɗaga hannu, ita kuwa idonta na gaba, ta dafa inda ake ajiye takardu da tafin hannu ɗaya. Ni allurar zafi kawai nake kallo tana hawa. Mun wuce makarantarmu, mun wuce maƙabarta, ta yi wa mamata sallama a hankali. Muna kaiwa gonar liman injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wani ƙugi, ya tsaya cak. Na murɗa makulli, ko motsi.

Muna zaune a ciki, tururi na fita ta gefen bonet. Ba ta yi niyyar sauka ba.

Can ta ce, "Masu sanin can, sun gaya maka abin da ya kama ta?"

Na ce, "Tsufa ne, Inna. Ƙarfe ma yana tsufa."

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take mini ina yaro in na yi ƙarya.

"Na ga abin da kake ta wankewa kwana ukun nan," in ji ta. "Na san launin kukata."

Na ce laifina ne, ni na nema, ni na zuba, ni na ɗura ruwan sanyi. Kamar ba ta ji ni ba. Ta shafa gaban motar da hannu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Sau biyu fa na tankaɗe ta, Nuhu. Don kada ta yi wa Sani tsakuwa a mota."

Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, ranar na fara jin sunansa a bakinta.

Na kama hannunta ta fito. Wani mai babur ya tsaya zai ɗauke ta, ta ce a'a. Da ƙafa muka koma gida, tana gaba ina baya, ƙullin daddawar na hannunta.